Yaren 'yan teku: wa ya raɗa wa dama da hagu wasu sunaye?

Baƙon Teku:
Assalamu alaikum 'yan gida. Kwana biyu kun ji ni ɗif, muna kan ruwa ne. Yau kwananmu huɗu a tsaye a wajen tashar Lome, mun saki anka muna jiran layi, sabis kuwa sai mutum ya hau can sama ya ɗaga waya kamar mai neman jinjirin wata. Zaman jiran ne ya tuno mini da ta'asar da aka yi mini a satina na farko a jirgi, shekara 9 ke nan. Shugaban ma'aikatan saman jirgi, wanda ake ce wa bosun, wani dattijo ɗan Filifin, ya kira ni fuska a murtuke, ya miƙo mini gwangwani, ya ce maza in sauka ɗakin inji in karɓo koren mai na fitilar starboard, ta kusa mutuwa. Na sauka da gudu. Injiniya na biyu ya leƙa gwangwanin, ya girgiza kai, ya ce ai koren ya ƙare, saura ja na ɓangaren port, amma in tambayi kuku ko ya ɓoye ragowa. Kuku ya tura ni wurin mai gyaran lantarki. Sai da na shafe kusan awa guda ina hawa da sauka, rigata ta jiƙe sharkaf, kafin wani ɗan Ghana ya ji tausayina ya ja ni gefe ya nuna mini fitilar. Ƙwan lantarki ne cikin koren gilashi. Ba mai, ba lagwani.
Tun ranar ban sake mance cewa starboard ita ce damar jirgi, fitilarta kore, port kuma hagu, fitilarta ja. Na san amfaninsu a wajen aiki: dama da hagun mutum suna juyawa in ya juya, na jirgi kuwa suna nan daram. Abin da nake tambaya shi ne su kalmomin kansu. Daga ina suka fito? Muna da malamai a gidan nan, a taimaka.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah sarki ƙanena, wallahi na yi dariya har yara suka leƙo. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Sarkin Labari:
Wannan ai mai sauƙi ce. Star tauraro ne. Ɓangaren da matuƙan da suke tsayawa su duba taurari da dare don gane hanya, shi ne starboard. An gama.

Malam Mai Alli:
Sarkin Labari, ba a gama ba, ko farawa ba a yi ba. Taurarin na gefe ɗaya ne kawai suke fitowa? Kalmar ba ta da haɗi da tauraro. A tsohon Ingilishi steorbord ce, wato gefen tuƙi, danginta ɗaya da kalmar da ta ba mu sitiyari. Jiragen mutanen arewacin Turai na da, irin na mayaƙan teku da ake kira Viking, ba su da abin juya jirgi a tsakiyar baya. Wani ƙaton filafili ake ɗaurewa a gefen dama ta baya, domin yawancin mutane da dama suke aiki. To tunda filafilin yana dama, in za a jingina jirgi da gaɓa sai a jingina hagu don kada ya karye. Hagun nan da larboard ake ce mata. Ka tsaya cikin iska da hargowar igiyar ruwa ka ƙwala wa mutum starboard ko larboard, ka ga ko zai bambance. Shi ya sa rundunar ruwan Ingila ta ba da oda a 1844 cewa a daina larboard a koma port, wato gefen tasha, Amurka ta bi sahu a 1846. Filafilin ya ɓace tun ɗaruruwan shekaru, sunansa yana nan manne a jirgin ƙarfen da Baƙon Teku ke ciki.

Sarkin Labari:
To Malam, nawa dai ya fi daɗin ji.

Malam Mai Alli:
Nan ne matsalar take. A wannan fanni, duk labarin da ka ji ya cika daɗi, ka bincike shi sau biyu.

Na Gaya:
Mu nan Nijar da Faransanci muka koye su: bâbord hagu, tribord dama. Malaminmu ya ce mu riƙe kalmar batterie, ba tana hagu, sauran yana dama. Daga baya na gane Faransawa ma aro suka yi wurin mutanen Holan. Tribord ita ce dai gefen tuƙin da Malam ya faɗa, bâbord kuma gefen baya, saboda mai riƙe da filafili ya ba wa hagu baya. Ku ƙara da wannan: in mota ta lalace a Yamai muna cewa ta yi pan. To panne ɗin nan maganar jirgin ruwa ce, yadda ake jera tufafin iska su tsayar da jirgi cak a tsakiyar teku. Démarrer da muke cewa in za a ta da mota, asalinta kwance igiyar da aka ɗaure jirgi. Direban Agadas da bai taɓa ganin teku ba, kullum yana kwance jirgi bai sani ba.

Baƙon Teku:
Na Gaya, ka warware mini wata. A rediyon jirgi, in matsala ta taso amma ba ta kai ta rai ba, pan-pan ake cewa sau uku a tasha ta 16. In ta kai ta rai sai mayday. Ashe pan ɗin motarku ce.

Malam Mai Alli:
Ita ce. Mayday ma Faransanci ce, m'aider, a taimake ni. Wani jami'in rediyo a filin jirgin sama na Croydon a Landan, Frederick Mockford, shi ya kawo ta a farkon shekarun 1920, don yawancin zirga-zirgar tsakanin Landan da Faris ce.

Sarkin Labari:
To SOS fa? Wannan dai kowa ya san save our souls ce, a ceci rayukanmu. Ko ita ma za a ƙwace mini?

Malam Mai Alli:
Sai haƙuri, ita ma. Jamusawa ne suka fara amfani da alamar a 1905, taron Balin na 1906 ya karɓe ta ga duniya. Me zai kai Bajamushe ga taƙaita jimlar Ingilishi? An zaɓe ta ne don sauƙin bugawa da sauƙin ganewa: gajeren sauti uku, dogo uku, gajere uku, a jere ba tsayawa. Daga baya mutane suka ɗinka mata riga. Kafin ita kamfanin rediyo na Marconi yana da tasa alamar neman agaji, CQD, kuma daren da Titanic ta nutse a 1912 duka biyun aka buga.

Almajirin Zaure:
Allah gafarta Malam, ina jin ku tun ɗazu kuna ta Ingila da Faransa da Holan, kamar su suka fara shiga teku. A ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Babban muƙamin sojan ruwa, admiral, amirul bahri ne, sarkin teku. Arsenal da yaranmu ke kwana kallo, darus sina'a ce, gidan sana'a, wurin ƙera jirage, ta hanyar birnin Benis na Italiya ta shiga Turai. Monsoon mausim ce, lokacin da iska ke juyawa a tekun Indiya. Tariff ta'arif ce. Magazine makhazin ce, rumbunan ajiya. In ka tone, rabin yaren teku na Larabawa ne.

Malam Mai Alli:
Almajiri, huɗu daga cikin biyar ɗinka na sa hannu ba gardama. Ta farkon ce ke da gyara. Amir ɗin gaskiya ne, amma bahri ɗin babu tabbacin ta taɓa shiga. A Sisili, bayan Normawa sun karɓe tsibirin daga hannun Musulmi, sun riƙe muƙamin amir suka mai da shi ammiratus a Latin. Wanda ya yi suna da muƙamin a ƙarni na 12, Jorj na Antakiya, shi ne kuma jagoran jiragen yaƙin sarki Roja na biyu, daga nan sunan ya manne wa ruwa. Harafin d kuwa Turawa suka cusa, sun zaci kalmar 'yar uwar admire ce. Faransawa har gobe amiral suke cewa. Batun rabi kuma, a rage. Kalmomin Larabci sun fi yawa a ciniki da kwastan da taurari. Na jikin jirgi da igiyoyi yawanci na Holan ne da mutanen arewa: skipper, yacht, deck, dock.

Almajirin Zaure:
Na karɓi gyaran bahri, rabin ma na janye zuwa kashi mai tsoka. Amma ga wadda ba za ka gyara ba. Bismillahi majreha wa mursaha, addu'ar Annabi Nuhu a suratu Hud, aya ta 41. Mursaha, tsayawarta. Daga wannan tushe aka samu marsa, matsayar jirage. Marsa Matruh a Masar, Marsala a Sisili.

Malam Mai Alli:
Wannan kam ba gyara.

Baƙon Teku:
Kun tuna mini. Na yi aiki da 'yan Indonesiya a wani jirgin dakon mai. Ranar farko na ji suna kiran babban mataimakin kyaftin mualim satu, na biyu mualim dua. Na zaci limaminsu ne, har na je na gaishe shi da ladabi ina shirin tambayarsa alƙibla. Mutumin ma ba Musulmi ba ne.

Almajirin Zaure:
Allahu Akbar. Mu'allim ce, wadda ta zama malam a bakinmu. A tekun Indiya mai sanin hanya, mai karanta taurari da iska, shi ake kira mu'allim. Ahmad bin Majid na Julfar, a ƙarni na 15, da wannan laƙabin aka san shi. Kalma ɗaya ta fito daga Larabawa, ta yi yamma ta hamada ta zauna a kan buzu da allo, ta yi gabas ta ruwa ta hau jirgi.

Maman Ilham:
Ke nan Malam Mai Alli ma matuƙi ne, jirgin ne kawai babu.

Jikan Takari:
Gaisuwa daga Bur Sudan. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja, ya yi shekaru a hanya yana noman auduga a Jazira kafin ya tara kuɗin tsallakawa. Daga Sawakin ya shiga jirgin katako da ake kira sambuk zuwa Jidda. Har ya rasu in yana ba da labarin, shugaban jirgin rayyis yake ce masa, ma'aikatan kuma bahhara. Wani lokaci a nan za ka ji nakhuda, wadda ta Farisa ce, mai jirgi. Abokaina 'yan Zanzibar suna cewa nahodha. Hausarmu ta nan ta haɗiye waɗannan duka, ba ma jin su baƙi.

Ɗan Birni:
Ni fa duk wannan bai dame ni ba. Gaskiya ɗaya ce, Bahaushe ba mutumin ruwa ba ne. Daga Kano zuwa teku kusan kilomita dubu. Ba mu da yaren jirgi, aro kawai muke yi, kyaftin, anka, kwantena, lodi. A bar wa masu abu abinsu.

Ɗan Yauri:
Ɗan Birni, da ka ce ba mutumin teku ba da na yi shiru. Amma ruwa? Zo Yauri ranar kasuwa ka tsaya a bakin gaɓa. Mahaifina shekara 40 yana fito a kan Kwara. Muna da jirgi, muna da kwami, muna da kwalekwale. Muna da filafili na zurfi, muna da gora ta dokin ƙasa inda ruwa bai kai ba. Muna da Sarkin Ruwa, muna da Sarkin Jirgi. Sarkawa da suka riƙe su a Kabi da Yauri, masana tarihi suna danganta su da Sorko na daular Songhai, waɗanda su ne masu jiragen Askiya. Kuma ka dubi bakinka. Da Turawa suka kawo dogo har Kano a 1911, me kakanka ya kira abin da ke gudu a kai? Jirgin ƙasa. Da na sama ya sauka a Kano a 1925 fa? Jirgin sama. Ba a ce keken sama ba, ba a ce raƙumin ƙarfe ba. Kalmar masu fito aka ɗauka. Wanda ke jan su kuma matuƙi, daga tuƙin filafili. Kai da kanka kullum kana tuƙa mota, ina filafilin?

Ɗan Birni:
Tuƙi ai na tuwo ne.

Maman Ilham:
A nan kam ina da ta cewa. Ka riƙe muciya a tukunyar biki ka ga ko ba tuƙin kwalekwale kake yi ba. Hannu ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ka nutsa ka jawo. Wanda ya riga wani ban damu ba, aikin ɗaya ne.

Ɗan Yauri:
Hajiya kin gama magana. Ga wata ma: fito. A wurin babana fito shi ne tsallakar da mutum da kayansa daga wannan gaɓa zuwa waccan, a biya kuɗin fito. Yau je ka Jibiya ko Illela ka ce kana neman 'yan fito, ba wanda zai nuna maka kogi. Masu tsallakar da kaya ta kan iyaka za a nuna maka. Kalmar ta fito daga ruwa ta hau tudu ta sa takalmi. Sannan in an ce jirgi ɗaya ya kwaso su, daga Turanci muka aro?

Malam Mai Alli:
Ɗan Yauri, ka biya ni. Abin da Hausa ta yi da jirgi shi Turanci ya yi. Pilot mai shigar da jirgin ruwa tasha ne tun kafin a yi na sama. Filin jirgi port ne na iska. Har yau ta ƙofar hagu fasinja ke shiga jirgin sama, gefen port.
Ga wadda ta fi ba ni sha'awa, na ajiye ta ne don Ɗan Birni. Gwamna da gwamnati mun aro su daga Ingilishi, ba musu. Ingilishi ya samo daga Latin, gubernare. Latin ya samo daga Girkanci, kubernan, ma'anarta tuƙa jirgi. Kubernetes shi ne mai riƙe da filafilin baya. Wato gwamna matuƙi ne. Daga wannan tushe Norbert Wiener ya ƙirƙiro cybernetics a 1948, wadda ta haifi cyber ɗin da ake liƙa wa duk abin da ya shafi intanet.

Kawu Tsohon Soja:
To Allah ya ba mu matuƙan da suka san inda duwatsu suke.

Mai Gida:
Kawu, ranka ya daɗe, dokar gida tana nan. Ban da siyasa.

Kawu Tsohon Soja:
Addu'a na yi, ɗana. Bari in ba da nawa. Na yi shekara 22 a sojan ruwa, kuma abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne knot. Malaminmu ya ce ma'anarta ƙulli. Na ce ƙulli kuma, a gudun jirgi? Sai ya kawo mana abin da kansa. Wani ɗan katako ne mai siffar yankan kankana, an sa masa dalma a ƙasa don ya tsaya a ruwa, an ɗaura masa doguwar igiya a kan mazari. Igiyar an ƙuƙƙulla ta, tsakanin ƙulli da ƙulli ƙafa 47 da inci 3. Mutum uku ke aikin. Ɗaya ya jefa katakon ta bayan jirgi, ɗaya ya ɗaga mazarin sama igiya tana warwarewa, ɗaya ya kifa kwalbar yashi mai daƙiƙa 28. Yashi na ƙarewa sai ya yi tsawa, mai igiya ya damƙe, a ƙirga ƙulli nawa suka wuce ta tafin hannunsa. In 8 ne, jirgi na gudun mil 8 na teku a awa. Mil ɗin teku kuma mita 1,852 ne, daidai da kashi ɗaya cikin 60 na digiri a layin taswira daga kudu zuwa arewa, shi ya sa ba a bar shi an koma kilomita ba. Katakon nan log sunansa, wato gungume. Littafin da ake rubuta sakamakon ya zama logbook. Jikata ta ce mini log in da take yi a waya ma daga nan ne.

Malam Mai Alli:
Jikarka ta yi gaskiya, Kawu.

Baƙon Teku:
Baba, mu yanzu na'ura ke ba mu, amma har yau ƙullin muke kira. Jirginmu in ya yi lodi, ƙulli 13 yake yi, kusan kilomita 24 a awa. Mai Keke Napep zai wuce mu. Haka muke ratsa teku sati uku.

Ɗan Yauri:
Baba, zurfi fa, da me kuke aunawa? Mu da gora ne, in ta nutse duka sai a koma filafili.

Kawu Tsohon Soja:
Da fathom, ƙafa 6. Igiya ce da dalma a baki, a gindin dalmar akwai rami da ake cusa kitse, in ta taɓa ƙasa ta ɗauko yashi ko laka ko ɓawon kawa, a gane irin ƙasan da ke wurin ko da dare ne. Mai jawo igiyar yana aunawa da buɗe hannuwansa biyu.

Ɗan Yauri:
Baba ai wannan gaba ce! Yadda masu haƙar rijiya ke auna guga.

Malam Mai Alli:
Ita ce sak. Asalin fathom a tsohon Ingilishi rungumar hannu biyu ce. Faransawa suna cewa brasse, daga bras, hannu. Ba wanda ya aro daga wani, jikin ɗan Adam ne ɗaya. Rijiya gaba dubu da muke faɗa, in ka lissafa, ta haura mita 1,800. Wanda ya faɗa ta sai dai addu'a.

Baƙon Teku:
Sarƙar ankarmu ma da gaba ake yanka ta, kowane yanki gaba 15, ana ce masa shackle. Yanzu haka 6 ne a cikin ruwa. Daga yau in kyaftin ya tambaya zan ce masa gaba 90.

Ɗan Zongo:
Daga Takoradi nake biye da ku. Tambayata ga Malam: tsofaffi a nan suna cewa crew daga Kru ta fito, mutanen Laberiya da suka cika jiragen Turawa daga Firitawun har Legas. Da gaske ne?

Malam Mai Alli:
Kru ɗin gaskiya ne, kuma sun cancanci a tuna da su. A wancan zamani yawancin gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da matsayai masu kyau, jirgi a nesa yake tsayawa, su ne ke ratsa igiyar ruwa da ƙananan jirage su sauke kaya da mutane. Har unguwarsu akwai a Firitawun. Amma crew ta riga haɗuwarsu da Ingilishi, tana cikin harshen tun ƙarni na 15, daga tsohuwar Faransanci creue, ƙarin sojoji. Kama ce ta sauti kawai. Abin da jirage suka bari a gaɓarku da gaske na Fotugis ne: sabi daga saber, pikin daga pequenino, palava daga palavra.

Ɗan Zongo:
Zan faɗa wa tsofaffin, amma daga nesa.

Sarkin Labari:
Saura ɗaya a aljihuna. Limey da ake tsokanar Ingilishi da shi, saboda lemun tsami ne. In wannan ma ƙarya ce na bar gidan nan.

Malam Mai Alli:
Zauna, ka ci wannan. Ciwon da ke sa dasashi ya ruɓe haƙora su zube saboda rashin ɗanyen abinci ya kashe matuƙa ba adadi. Likita James Lind ya gwada magunguna daban-daban a kan marasa lafiya 12 a 1747, ya ga lemu ne ya yi aiki, amma sai 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemu ga kowa. Amurkawa suka ga suna sha, suka laƙaba musu.

Kawu Tsohon Soja:
Ba lemu kaɗai suke sha ba, a faɗi gaskiya. Akwai grog, giyar rake da aka sirka da ruwa. Admiral Edward Vernon ya kawo dokar sirkin a 1740 don buguwa ta yi yawa. Yana yawan sa wata alkyabba ta yadin grogram, yaransa suna ce masa Old Grog a bayan ido, sai sunan ya koma kan abin shan. Ba su daina rabon ba sai 31 ga Yuli 1970, ranar har baƙin ƙyalle wasu suka ɗaura a hannu.

Maman Ilham:
A'uzu billahi. Makoki a kan giya. Baƙon Teku, ina fata dai kai shayi kake sha.

Baƙon Teku:
Yaya, shayi da garin kunun da Inna ta ƙulla mini. Hutun shayin ma suna gare shi, smoko, ƙarfe 10 na safe da 3 na yamma. Kyaftin kuwa ko shekararsa 35 Old Man ake ce masa, tsoho, amma ba a gabansa ba. Rufin da ke saman ɗakin tuƙi, inda nake tsaye yanzu ina neman sabis, monkey island, tsibirin biri. Akwai kuma wadda ba na so. In mutum ya hau jirgi sai abubuwa suka yi ta lalacewa, inji yau, guguwa gobe, sai a fara raɗa cewa Jonah ne. Na ga an yi wa wani yaro ɗan Indiya haka, har mutane suka daina zama kusa da shi wurin cin abinci.

Almajirin Zaure:
Subhanallah. Annabi Yunus ke nan, alaihis salam. Suratus Saffat ta kawo shi: ya gudu zuwa jirgin da aka cika da lodi, aka yi ƙuri'a ta faɗa kansa. Sun riƙe rabin ƙissar sun yar da rabi. Sun tuna an jefa shi, sun mance an cece shi, kuma mutanensa sama da dubu ɗari suka yi imani. Mai da sunan Annabi alamar rashin sa'a ba daidai ba ne, camfi ne kuma.

Baƙon Teku:
Haka na ce musu, Malam. Bosun ya ce shi ma ya sani, a cocinsu ana karantawa, amma teku teku ce. Fito da baki ma hana mu yake yi, wai yana kiran iska.

Ɗan Yauri:
Fito da baki da dare ai mu ma an hana mu tun muna yara, wai yana kiran aljanu. Babana kuma akwai wuraren da in ya zo wucewa a kogi ba ya magana sam, sai ya wuce ya ce duwatsu ne a ƙasa yana sauraron ruwa. Har yau ban san ko duwatsun ne kaɗai ba.

Ɗan Birni:
To na ji, na sauko. Amma ku amsa mini wannan: kalmomin Ɗan Yauri nawa yaran yanzu suka sani? Tunda injin ya zo, wa ke maganar gora da filafili?

Ɗan Yauri:
Ranar da injin ya mutu a tsakiyar Kainji kowa yana tuna sunansu. Amma ka taɓo inda ke mini ciwo. Baba Tsohon Soja, na ga hotunan manyan jirage da wani zane a ciki, da'ira da layi ya ratsa ta. Mene ne?

Kawu Tsohon Soja:
Layin Plimsoll. Iyakar lodi ke nan, in ruwa ya rufe shi jirgi ba zai bar tasha ba. Sunan wani ɗan majalisar Ingila ne, Samuel Plimsoll, da ya yi ta faɗa da masu jirage da ke cika ruɓaɓɓun jirage da kaya su yi musu inshora su tura talakawa su mutu. An yi dokar a 1876. Akwai layi daban na ruwan daɗi da na gishiri, don jirgi ya fi nutsewa a ruwan daɗi.

Ɗan Yauri:
Babana yana da nasa. In an gama lodi sai ya durƙusa ya sa hannu a gefen jirgi, in tsakanin baki da ruwa bai kai taƙi ɗaya da yatsu huɗu ba, sai an sauke buhu ko mutum, ko waye. An sha zaginsa a kan haka. Yanzu ranar kasuwa ina ganin jirage suna tashi ruwa na lasar bakinsu, da babura a sama da mata da goyo. Wannan awon nasa ba shi da suna, da yana da shi wataƙila da an riƙe.

Malam Mai Alli:
Ka tambayi tsofaffin gaɓa, Ɗan Yauri, da wuya a ce babu. Ka ɗauki waya ka naɗo muryarsu, har da sunayen sassan jirgi da na iska da na ruwa in ya canza launi. Ka kawo nan mu rubuta.

Ɗan Yauri:
In sha Allahu ranar Juma'a zan sauka gaɓa. Akwai wani ƙanin babana da ya haura 80, in ya fara ba ya tsayawa.

Baƙon Teku:
Jama'a, an kira mu a rediyo, pilot zai hau ƙarfe 4, an ce a fara jan anka. Bosun na ta nemana. Akwai sabon yaro da ya hau a Abijan, na ga an miƙa masa gwangwani ɗazu.

Maman Ilham:
Kai dai ka ji tsoron Allah ka faɗa masa.

Baƙon Teku:
Zan faɗa masa, Yaya. Bari dai ya kai wurin kuku tukuna.